Kwalbar Man Shanun Inna Hure

Akwai wani saurayi mai suna Namadi, ɗan Sunke ta ƙasar Anka, wanda ya yi karatu a wata kwalejin horon malamai a farkon shekarun 1980. Shi kaɗai ne namiji a ɗakin mahaifiyarsa, Inna Tabawa. Yayyensa mata duk sun yi aure, mahaifinsa kuma ya rasu ya bar musu gonar gero guda ɗaya a bakin gulbi. Daga gonar nan ake ci, daga ita ake yi wa Namadi guzurin makaranta.

Namadi yana da ƙwaƙwalwa, wannan ba a musu. Matsalar ita ce shi ma ya san yana da ita. Da aka naɗa shi shugaban ɗakin kwana, sai tafiyarsa ma ta canza. Ku da kuka yi makarantar kwana kun san irinsu, ba sai na ɓata bakina ba.

A ɗakin akwai wani ɗalibi mai suna Labbo, ɗan Fulani, mai shiru-shiru, yana aji ɗaya ƙasa da Namadi. Duk dawowa daga hutu yakan zo da kwalbar soyayyen man shanu da mahaifiyarsa ta yi masa, yana ɗan zubawa a tuwon makaranta don ya haɗiyu.

Wata Asabar, ranar duba tsabta, Namadi ya buɗe akwatin Labbo ya ciro kwalbar, ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani.

"Wa ya ce maka nan ruga ce? Duk ka cika mana ɗaki da wari!"

Ya fita da ita ya juye a kwata, ɗalibai suna dariya. Labbo ya bi bayansa. Ya ɗauki kwalbarsa ya wanke ya mayar akwati. Zangon da ya biyo baya ya sake zuwa da wata, Namadi ya sake juyewa. Haka aka yi ta yi har shekara ta zo ƙarshe.

A kwalejin nan akwai wata al'ada mai kyau. Idan an gama jarrabawar ƙarshen shekara, kafin motar makaranta ta kwashi ɗalibai, kowa yakan bi gado-gado yana miƙa hannu yana neman gafara. Wanda ya ari bokiti ya mayar, wanda ya zagi wani ya ba shi haƙuri. Labbo ma ya zo har gadon Namadi ya miƙa masa hannu.

"Shugaba, in na yi maka wani laihi, ka yahe mani."

Namadi yana shafa wa takalminsa mai. Ko kansa bai ɗaga ba.

"Na ji. Matsa, ka tare mini haske."

Tun kafin wannan rana Inna Tabawa ta aiko masa da saƙo ta bakin wani ɗan garinsu mai fataucin goro. Ta ce ciyawa ta taso wa gero, ta roƙi gayya, an kuma ba ta Larabar da ke bayan rufe makaranta. Ta ce don Allah ya biyo motar farko, kada ya tsaya.

Gayya a garinsu tana da ƙa'ida. Samari za su taru da fartanyu da makaɗi su nome maka gona a yini ɗaya, kai kuma ka ciyar da su. Amma ba sa shiga gonar da babu namijin gida a gaba, domin shi ne zai kama kunyar farko su bi bayansa. Kuma a tsakiyar damina kowace rana da mai ita. In taka ta wuce, ta wuce.

Namadi ya san wannan sarai. Amma tela bai gama ɗinka masa sabon wandonsa mai buɗaɗɗiyar ƙafa ba, ga shi yana so ya ɗauki hoto da shi a gaban ƙofar kwaleji. Ban da haka, ina shi ina cusuwa a bayan mota da ƙananan ɗalibai da buhunansu? Ya ce a ransa Laraba da sauran nisa.

Motar makaranta ta tafi da Labbo da sauran 'yan yankin Anka, ta bar shugaba yana zaryar shagon tela.

Sai ranar Lahadi ya iso Anka. Da ƙyar ya sami wata motar kaya da ta sauke shi a Bagega washegari, direban yana cewa shi ma daga yau ya bar hanyar nan sai kaka. Daga can Namadi ya ɗora akwatin ƙarfensa a ka ya kama hanyar Sunke a ƙasa, sanye da sabon wando da takalmi mai tudun dunduniya. Laka tana kama takalmin, ƙafar wandon tana share hanya.

Kafin a kai Sunke akwai ruwa biyu. Na farko ƙaramin rafi ne, na biyu shi ne gulbin da gonarsu take bakinsa. Ya iske rafin ya yi ja, yana ɗauke da kara da ganye, alamar an yi ruwa mai yawa can inda ya taso. Ya naɗe wando ya ƙetare, ruwan iya gwiwa.

Da ya isa gulbi sai ya tsaya cak. Mashigin da ya saba bi tun yana yaro ya ɓace. Ruwa ne jawur yana tafe da ƙarfi, yana wani irin ruri. Can ƙetare yana hango ɗorawar da ke saman gonarsu, kusa ƙwarai, amma babu hanya.

Ya juya da niyyar komawa Bagega ya kwana. Ko da ya dawo rafin da ya ƙetare ɗazu, shi ma ya cika ya batse. Gaba ruwa, baya ruwa. Abin da ya rage masa shi ne ɗan tudun da ke tsakani, kuma a kan tudun babu komai sai ruga ɗaya mai bukkoki uku.

Ya ja ƙafa ya nufi rugar ya yi sallama. Wanda ya fito daga cikin maruƙa, sanda a kafaɗa, Labbo ne.

Namadi ya ja da baya. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya shige da akwatinsa.

"Shugaba? Kai na? Sannu da hanya," in ji Labbo, ya sa hannu ya sauke masa akwatin. Sannan ya juya ya kira, "Inna, ga baƙo. Makarantarmu guda, ɗaki guda muke kwana."

Wata dattijuwa siririya ta fito tana goge hannu a zani. Ita ce Inna Hure, mahaifiyar Labbo. Fuskarta ta cika da murna kamar an ce mata ga ɗanta na biyu.

"Jaɓɓama, jaɓɓama! Marhabin da ɗiyana. Zamna, zamna, ka sha hura."

Da yake Labbo ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa. In za ta ambace shi a gaban Namadi sai ta ce "abokinka". Duk sanda ta faɗi kalmar, Namadi sai ya ji kamar an tsikare shi da ƙaya.

Bayan ya sha fura, Labbo ya ja shi bakin gulbi. Ya daɗe yana kallon ruwan. Namadi ya gaya masa zancen gayyar Laraba, a taƙaice, yana kallon gefe.

"To, in kana son ƙetarewa, yanzu na," in ji Labbo. "Ruwan bai gama zakkuwa ba. Ka tuɓe, ka bar akwati nan, ka kama wutsiyar Baleri da hannu biyu. Shi ka iyo, kai dai riƙewa taka. Ni in bi ka ta inda ruwa ka gangarawa. Gobe kam ban sani ba."

Baleri shi ne baƙin bijiminsu, wanda ke shiga gaba duk sanda garke zai ƙetare ruwa.

Namadi ya dubi bijimin, ya dubi ruwan, ya dubi Labbo. Sai ya tuna kwata, ya tuna dariyar ɗalibai, ya tuna hannun da ya ƙi karɓa. Zuciyarsa ta ce masa: a tsakiyar ruwan nan, in yaron nan ya kaɗa bijimin ya fizge, wa zai gani? Wa zai ba da shaida?

Kun ga abin da cuta take yi wa mai ita. Labbo bai ƙulla komai ba, Namadi ne ya ƙulla wa kansa.

"Ni ba zan bar akwatina ba," in ji shi, yana gyara wuyan riga. "Kuma ban yi karatu don in rataya a wutsiyar sa ba. Zuwa gobe ruwan zai janye."

Labbo ya dube shi, ya ce, "Allah shi sa."

Ruwa bai janye ba. Talata tun da safe sama ta buɗe, aka yini ana tsuga shi kamar da bakin ƙwarya. Gulbi ya haura gaɓa ya shiga cikin sabara. Labbo ya je ya duba ya dawo ya ce yanzu ko Baleri ba zai shiga ba.

Namadi ya yini a bukka yana jin ruwa na ɗiga a kan akwatinsa. Ya fita ya zagaya tudun, ya dawo. Ya sake fita, ya sake dawowa. Ko'ina ya nufa, tafiya kaɗan ce sai ya ci karo da ruwa. Inna Hure kuwa ba ta gaji ba. Ta kawo nono, ta kawo tuwo, kuma kowane tuwo da man shanu kwance a samansa yana ƙamshi. Namadi yana ci kansa a sunkuye.

Laraba gari ya waye tas, rana ta fito. Namadi na tsaye a bakin gulbi tun kafin a tatsi shanu. Can sai iska ta kawo masa sautin gangar noma daga ƙetare.

Ya hango su. Samari ne a jere da fartanyu a kafaɗa, suka taru a gindin ɗorawa. Ya hango mata ɗauke da ƙore, ya san tuwon Inna Tabawa ne da kunun da ta dama da sauran geron da ya rage a rumbu. Ya cire riga yana kaɗawa, yana ihu.

"Ga ni nan! Magaji! Ku shiga, ga ni nan!"

Magaji shi ne shugaban samarin gayya, amma rurin ruwa ya haɗiye muryar tun ba ta kai tsakiyar gulbi ba. Namadi ya yi ta ihu har maƙogwaronsa ya dushe.

Suka jira. Ganga ta yi shiru, ta sake tashi, ta sake yin shiru. Da hantsi ya ɗaga sai ya ga sun miƙe ɗaya bayan ɗaya, gangar ta juya ta nufi wata gona, sautinta yana raguwa har ya ɓace. Mutum ɗaya kawai ya rage a gindin ɗorawa. Ko daga nesa ya san tsayuwar mahaifiyarsa.

Namadi ya zauna a cikin laka da sabon wandonsa ya yi kuka, irin kukan da bai yi ba tun ranar da aka binne mahaifinsa.

Da rana Inna Hure ta same shi a inuwar bukka, ta ajiye masa ƙwarya. Ta ga idonsa, amma ba ta tambaye shi ba. Sai ta zauna nesa kaɗan tana kaɗa nono, tana yi masa hira don ta ɗauke masa hankali.

"Ci, ɗiyana. Na san kana son shi. Abokinka ya hwaɗa mani, ya ce man da nike ba shi ba ya kwana biyu makaranta, ku duka kuna so, har shugaban ɗakinku da kainai shi ka zuwa shi ɗauka. Na ji daɗi ƙwarai. Shi ya sa wanga karon na ƙi kai nono kasuwa, na tara, in cika muku babbar kwalba. Ku da kuke nesa da iyayenku, mi za ku ci in ba mu aiko ba?"

Ta yi dariya ta ci gaba da kaɗa nononta.

Namadi ya dubi hannunta. Jijiyoyi duk sun fito, tana jijjiga goran gaba da baya, gumi na bin goshinta. Bai taɓa tunanin akwai hannun da ke bayan kwalbar nan ba. Ya kasa kai loma baki. Ya tashi ya nufi inda Labbo yake ɗaure maruƙa.

Ya tsaya a bayansa ya rasa ta inda zai fara. Yau babu tafiyar shugaba, babu gyaran wuyan riga.

"Labbo. Don me ba ka gaya mata gaskiya ba?"

Labbo bai juyo ba, ya ci gaba da ɗaurinsa.

"In ce mata mi? In ce abin hannunta wari shikai?"

"Ka yafe mini. Don Allah ka yafe mini. Na cuce ka, na cuci tsohuwar nan."

Sai a lokacin Labbo ya miƙe ya dube shi.

"Ranar hwarko da ka zubar, bayan aji na tahi na yi kuka. Ba don man ba. Na san safiya nawa takan tashi kan shi. Amma na yahe tun can, don ban iya karatu da abu a rai. Shi ya sa na zaka gadonka da hannuna." Ya naɗe ragowar igiyar a hannu. "Ranar Litinin kuma, ka zaci sakinka za ni yi cikin ruwa, ko?"

Namadi ya sunkuyar da kai.

"Na gani ga idonka," in ji Labbo. "Wannan ya hi zubar da man yi mani ciwo. Da ka karɓi hannuna makaranta, da ka yarda da ni bakin gulbi. Da yanzu kana gonarku."

Gaskiya ce tsantsa, Namadi kuma ya sani.

Sai ranar Juma'a ruwa ya ɗan sauka. Wannan karon ba a roƙi Namadi ba. Shi da kansa ya tura akwatinsa ƙuryar bukka, ya ajiye takalmi mai tudu a kai, ya tuɓe ya rage daga shi sai gajeren wando, dogon kuma ya saɓa a kafaɗa.

Inna Hure ta biyo su bakin ruwa da babbar kwalba cike da man shanu.

"Wagga ta innarka ta. Ka ce ina gaishe ta. Taku ta makaranta tana nan, sai kun tashi komawa."

Namadi ya karɓa da hannu biyu. Ya rasa abin da zai ɗaure ta da shi, sai ya ɗauko sabon wandon nan da ya sa shi rasa mota, ya naɗe kwalbar a ciki, ya ɗaure tam a kansa da ƙafafun wandon. A karo na farko buɗaɗɗiyar ƙafar ta yi amfani.

Baleri ya shiga ruwa, Namadi ya damƙi wutsiya. Da suka kai tsakiya ƙasa ta ɓace a ƙarƙashin ƙafarsa, ruwa ya fizge shi gefe, ya sha ya ƙware, hannu ɗaya ya kuɓuce. Nan take ya ji Labbo ya tallabo shi ta ƙasan hammata.

"Riƙe! Kak ka saki, ina nan!"

Haka suka fita, Namadi yana tari yana amayar da ruwa, kwalba tana nan daram a kansa.

Gonar tana gabansu. Ciyawa ta haura gero, ta shaƙe shi, ganyen ya yi rawaya ya kwanta. A can gefe ɗaya an nome 'yan kunyoyi kaɗan, a karkace, irin noman wanda ƙarfinsa ya ƙare. Inna Tabawa tana duƙe a ƙarshensu da fartanyar marigayi mijinta.

Ta ɗago a hankali, hannu ɗaya a ƙugu. Ta dubi ɗanta, ba riga, ba takalmi, ba akwati. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Ka iso lahiya? Alhamdu lillahi. Magaji ya jira ka har hantsi. Tuwon na raba ma maƙwabta, kada shi lalace."

Namadi ya durƙusa ya kwance kwalbar ya miƙa mata, ya kasa haɗa ido da ita. Ta buɗe ta shinshina.

"Kai, wanga mai da ƙamshi shike! Wa ya ba ka?"

"Innarsa ce ta ce a kawo miki."

Inna Tabawa ta dubi saurayin da ke tsaye a baya yana ɗigar ruwa, wanda tuni ya sunkuya ya ɗauki fartanyar da ta ajiye.

"Wanga ɗan albarka hwa? Abokinka na?"

Namadi ya kau da kai. Ya san bai cancanci ya ce e ba.

Labbo ne ya amsa, yana saran ciyawar farko.

"Abokina na, Inna."

Su biyu suka yi ta noma har hannun Namadi ya fashe ya yi kanta. Sun ceci abin da ya cetu, amma fiye da rabin gonar ya riga ya tafi. A shekarar, rumbun Inna Tabawa ya ƙare tun kafin bazara, kuma Namadi yana makaranta yana sane da cewa tsohuwarsa tana auna tuwonta saboda wando da hoto. Hoton kuwa bai taɓa rataye shi ba.

Darasi: 'Yan makaranta, shekara ta zo ƙarshe. Kafin ka ɗaure kayanka, nemi wanda ka ɓata wa rai ka ba shi haƙuri tun kuna ɗaki ɗaya, kuma in an miƙo maka hannu ka karɓa, domin laifin da ka tafi da shi zai hana ka yarda da mai son taimakonka ranar da ka fi bukata. Kada ka raina guzurin kowa, hannun uwa ne ya yi shi. In an ce ana jiranka a gida, hau motar farko, kwalliya za ta jira amma gona ba ta jira. Tura wannan ga duk ɗalibin da ka sani yana shirin tafiya hutu, tun bai rufe akwatinsa ba.